Sabar wa dukushi da titi: tambayoyin masu kilisa

Dokina ba ya tsoron ganga ko algaita. Me ya sa mota ke firgita shi?

Makamin doki ƙafarsa ce. Sai ya zabura tukuna, sannan ya waiwaya ya ga abin da ya koro shi. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da wuri biyu: daidai bayan wutsiyarsa da dab da goshinsa. Motar da ta biyo ku ta baya daga wannan lungun take ɓullowa, ga gudu ga ƙara. Ganga kuwa ya saba jin ta tun yana turke, kuma ba ta taɓa bin sa ba.

Sau da yawa ma ba motar ce ke fara tsorata shi ba. Leda ce iska ta ɗaga, ko akuya ta fito daga kwata, ya yi tsalle gefe ya faɗa gaban a daidaita sahu.

Yana shekara nawa ya kamata a fara?

Galibi ana ɗora wa doki sirdi yana wajen shekara 3, ƙashin bayansa kuma ba ya gama ƙwari sai ya kai 5 zuwa 6. Amma kallon motoci ba sai da sirdi ba, ana iya farawa tun ana jan sa da ragama. Ni abin da nake dubawa ba haƙori ba ne. A fili, idan ka ce ya tsaya yana tsayawa? Yana ja da baya? Idan ka matsa masa ƙafa yana gusawa gefe? In bai iya waɗannan a inda babu kowa ba, kada ka kai shi bakin kwalta.

To daga ina zan fara?

Daga nesa. Nemi fili da ke kallon titi, ka tsaya da shi a inda yake ganin motoci amma bai damu ba. Ka riƙe shi a hannu, kada ka ɗaure shi, domin dokin da ya ji ba shi da mafita tsoronsa ninkuwa yake. Zuba masa harawa. In ya sunkuyar da kai yana ci, tazarar ta yi. In ya ɗaga wuya, ya kafe kunnuwa, yana huci ya ƙi abinci, kun matso da yawa, ku koma baya. Gobe ku ƙara taku kaɗan. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a kaɗai.

A gida kuma ka sa wani ya kawo babur. Dokin ya shinshina shi a kashe, sannan a tayar. Daga nan mai babur ya tafi a hankali a gaba, kai kana biye da doki. Wannan dabarar tana aiki sosai: abin da doki ya ga yana gudu a gabansa, sai ya daina ɗaukarsa abin tsoro, har ka ga yana miƙa wuya zai cim masa. Sai ya saki jiki da wannan za a bar babur ya wuce shi ta baya, ta hagu da ta dama duka. Sabon da ya yi da ido ɗaya ba lallai ya wadatar da ɗayan ba.

Ranar fita ta farko, ku fita da tsohon doki mai sanyin hali, irin wanda ya sha hawan sallah. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, haka ma Nijar take, don haka ku bi gefen dama, tsohon yana hagu, tsakanin dukushin da motoci. Da sassafe ya fi, kafin titi ya cika.

Idan ya zabura ina kai fa?

Ajiye bulala. Dokin da aka zane saboda tirela ta wuce, gobe tsoro biyu zai ji, na tirela da naka. Kada kuma ka fizgi linzami. Linzaminmu na gargajiya yana da zafi a baki, fizga ɗaya sai ya miƙe tsaye, kwalta kuwa santsi gare ta. Ka zauna daram, ka yi masa magana, ka ɗan karkato kansa wajen motar. Da haka yana ganin ta, gindinsa kuma ya koma gefen hanya maimakon ya juya cikin titi. In abin ya ƙi, sauka ka ja shi, kana tsakaninsa da motoci. Samari na ganin sauka abin kunya ne. Ni ban taɓa ganin wanda ya karye saboda ya sauka da kansa ba.

Direbobi fa, ba su da nasu laifin?

Suna da shi. A Birtaniya, tun 2022 ƙa'idar hanya ta ce a wuce doki da gudun da bai haura mil 10 a awa ba, wato wajen kilomita 16, a kuma bar tazarar mita 2. A nan wani har hon zai danna maka don gaisuwa. Sai ka kare kanka: ɗaga hannu tun daga nesa ka nemi a rage gudu, wanda ya rage ka gode masa, ka sa riga mai ɗaukar ido, kuma ka koma barga kafin magariba.

Sallah saura sati biyu. Zai iya shiga hawa?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hawan Daushe ko na Nassarawa ba mota kaɗai ba ce, ga bindiga, ga jiniya, ga jama'a ta ko'ina. Bana ka ari tsohon doki ka hau. Dukushin a riƙe shi can nesa da taron ya yi kallo, da ɗan harawarsa a gaba.