Maganin ƙarin jini ba ya sa yaro girma

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, da zarar uwa ta ga ɗanta bai cika ido ba, sai a ce mata, "Je kemis ki sayo masa maganin jini, zai yi ƙiba." Maganar ta daɗe a bakinmu, amma ba haka abin yake ba.

Sinadarin ayon da ke cikin kwalbar aikinsa haɗa jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa, wanda tafin hannunsa da cikin fatar idonsa suka yi fari fat, yana amfana sosai. Kuma irinsu suna da yawa: binciken lafiya na Ghana na 2022 ya nuna kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini. Amma wanda jininsa ya isa, maganin ba ya ƙara masa tsawo ko nauyi. Sai dai kashi ya yi baƙi, wani lokaci ciki ya ɗaure.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin cizon sauro. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin ya yi yawa, binciken da aka wallafa a 2006 ya gano yaran da aka ba ayon sun fi kwanciya a asibiti. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda sauro ya yi yawa, a haɗa shi da rigakafi da maganin zazzaɓi.

Iyaye mata, ku kai yaro awo a gwada jininsa tukuna. A gida kuwa, hanta, kifi, wake da miyar kontomire (ganyen gwaza), da lemu bayan abinci. Shayi yana hana jiki ɗaukar ayon. Kwalbar kuma a ajiye ta sama, domin idan yaro ya kwankwaɗe ta, guba ce.