Ku daina ɗaure yaron da ba ya magana

A cibiyar lafiya da nake aiki a Garwa ta ƙasar Kamaru, sau da yawa ana kawo mana yaro saboda zazzaɓi ko gudawa, sai mu tarar da shatin igiya a ƙafarsa. Idan na tambaya, amsar kusan ɗaya ce: ba ya magana, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, yana toshe kunnuwa yana ihu idan an tayar da injin niƙa, kuma da zarar an buɗe ƙofa sai ya fice titi. Sau da yawa waɗannan alamomin otizim ne, wato yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane, wanda yakan bayyana kafin yaro ya cika shekara 3. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo shi.

Iyaye mata, na san gajiyarku, na kuma san tsoron babura ne yake sa ku nemi igiya, ba ƙiyayya ba. Amma ɗaurewa cutarwa ce, kullewa ma cutarwa ce. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, ta yaya za a rufe yaro a ɗakin kwano alhali ba zai iya cewa yana jin ƙishirwa ba? Wasu daga cikin yaran nan suna da farfaɗiya, kuma idan ta tashi yana ɗaure shi kaɗai, wa zai juya shi gefe? Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu kulle shi ranar suna ko biki don kada baƙi su gan shi. Maigida, ɗanka ne, kuma a cikin mutane yake koyon abin da zai koya.

Maimakon ɗaure shi, a rufe ƙofar gida da sakata a can sama inda hannunsa ba zai kai ba, a rufe rijiya, a bar shi ya yi yawo a tsakar gida, a raba tsaronsa tsakanin manya. A tsayar masa da lokacin ci da wanka da barci, domin sauyi na ba-zata yana firgita shi. A yi masa magana gajeriya ana nuna masa abin da hannu. A kai shi Asibitin Yanki a duba ko kunnuwansa suna ji, sannan a je ofishin jin daɗin jama'a a nemi katin nakasa, domin dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kariya da tallafin karatu ga masu nakasa.