Masu gudun sanyi a kan teku: tambayoyi da amsoshi kan tafiya da jirgin iska

Duk ƙarshen shekara, daidai lokacin da hazo ke fara rufe Katsina, bidiyoyi kan cika wayoyin matasa na Turawa da iyalansu cikin ƙananan jiragen ruwa masu ɗauke da manyan ƙyallaye da iska ke turawa, wato jiragen iska, sun bar gida sun nufi inda ake ɗumi. Mu da teku ta yi mana nisan fiye da kilomita 1,000 ta hanyar mota, abin kan ba mu mamaki. Ga tambayoyin da na fi ji a majalisa.

Wai me suke gudu, kuma ina suke zuwa?

Sanyi suke gudu, sanyin da ke daskarar da ruwa a tashoshin Kanada da arewacin Amurka. Mai jirgi yana da zaɓi biyu: ko a ciro jirgin a ajiye a tudu har ƙanƙara ta narke, ko ya kwashi iyali ya bi gaɓar teku ya yi kudu. Mutanen gabashin Amurka sukan gangara Fulorida, su tsallaka tsibiran Bahamas. Na yammacinta kan tashi daga San Diyego zuwa Meziko. 'Yan Ingila da Jamus da Faransa kuwa sukan biyo gaɓar Sifaniya da Fotugal zuwa tsibiran Kanari, waɗanda ke daura da Maroko. Duk wanda ya san yadda Fulani makiyaya ke yin kudu da rani su dawo da saukar damina ya riga ya fahimci tsarin.

Me ya sa sai a watan Oktoba da Nuwamba?

Nan ne zuciyar maganar. Matuƙin jirgin iska yana tsakanin abu biyu ne, sanyi na kora shi ta baya, guguwa na tare shi ta gaba. Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atilantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani a Agusta da Satumba. In ya yi sammakon tashi sai ya faɗa mata. In ya yi jinkiri sanyi ya riske shi a hanya. Kamfanonin inshora da dama ma sukan rubuta a yarjejeniya cewa kada jirgi ya wuce wani wuri zuwa kudu kafin farkon Nuwamba, wanda ya saɓa kuwa, asararsa tasa ce.

Na Turai su ma suna da nasu lissafin. Akwai wani yanki na teku tsakanin Faransa da Sifaniya, Biskay, wanda ya yi ƙaurin suna wajen haukan ruwa, don haka ake son a tsallake shi kafin ƙarshen bazararsu. Daga nan sai a yi ta saukowa sannu a hankali, a isa Kanari, a zauna jiran iska. Tun 1986 ake shirya wani ayari da ake kira ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas a ƙarshen Nuwamba. Yanzu yana sauka a tsibirin Sant Lushiya na Karebiyan, tafiyar mil 2,700 na teku.

Iskar da suke jira kuma mun san ta. Iskar arewa maso gabas ce, dangin wadda ke kwaso ƙura daga Sahara ta busar mana da leɓe a Daura da Mai'aduwa. Har a tsibiran Kef Bade matuƙa kan tashi da safe su tarar da jar ƙura ta kwanta a kan jirginsu.

Jirgin da ba ya tafiya sai da iska, yaya yake yi in iskar ta fito daga inda ya nufa?

Ba zai iya tunkarar ta gaba da gaba ba, amma yana iya ratsa ta a karkace, kamar digiri 45 daga inda take fitowa. Sai ya yi dama na wani lokaci, ya juya ya yi hagu, yana cin gaba kaɗan-kaɗan. Abin da ke hana shi zamewa gefe ko kifewa shi ne wani nauyi na darma ko baƙin ƙarfe da aka ɗaura masa a ƙarƙashi, yana nutse cikin ruwa. Kusan duk jiragen yanzu suna da ƙaramin injin dizal, na shiga tasha da ranar da iska ta ɗauke.

Gudun nawa yake yi?

Kilomita 9 zuwa 11 a awa. Wanda ya ɗaga anga, ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, da asuba ya sake jefa ta kafin magariba, abin da ya ci bai wuce nisan Katsina zuwa Daura da yawa ba. A Amurka, daga Nofok ta jihar Bajiniya zuwa Miyami, ta hanyar koguna da magudanan da aka haƙa a bayan gaɓa don kauce wa buɗaɗɗiyar teku, mil 1,090 ne, kuma mutane da yawa kan kwashe fiye da wata guda a kai, suna tsayawa jiran a ɗaga musu gadoji.

Ina haɗarin yake?

Mutane kan ɗauka tsakiyar teku ce abin tsoro. Tsofaffin matuƙa sun fi tsoron kusa da tudu, inda duwatsu da tudun yashi da manyan jiragen kaya suke. Misali, tsakanin Miyami da tsibirin Bimini na Bahamas kilomita 80 ne kacal, amma a nan wani ƙaƙƙarfan ruwan ɗumi mai suna Gulf Stream ke kwarara zuwa arewa. In iska ta taso daga arewa ta yi karo da shi, raƙuman ruwa kan miƙe tsaye, gajeru masu tsini, su yi ta dukan jirgi. Shi ya sa za ka ga jirage jere a bakin Miyami, an cika tanki, an sayi abinci, amma kowa ido na kan hasashen yanayi, wani lokaci har mako biyu. A ganina wannan jiran shi ne ainihin gwanintar. Yawancin waɗanda suka shiga uku, alƙawari ne ya ja su: an ce da wani a haɗu a tsibiri kaza ranar kaza, sai aka fita a ranar da bai kamata ba.

Tun 2020 kuma wata sabuwar damuwa ta ɓullo a gaɓar Sifaniya da Fotugal, inda manyan dabbobin ruwa da ake kira orka ke bin ƙananan jirage suna karya allon da ake juya su da shi. Wasu jiragen har sun nutse.

Ruwan sha fa, da alwala?

Ruwan sha a tanki ake ɗauko shi, ana kuma tattalinsa ƙwarai: a wanke kwano da ruwan gishiri, a ɗauraye da kofi guda na mai daɗi. Masu hali suna da na'urar tace gishiri, wadda ke aiki da wutar sola. Alwala da ruwan teku kuwa ba matsala. Wannan tambayar matafiya teku ne suka fara yi wa Manzon Allah (SAW), ya amsa cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Alƙibla ana duba ta da kamfas, wanda dama ba jirgin da ke rasa shi.

Wannan ai sha'anin Turawa ne kawai, ko?

Yawon shaƙatawar, galibi nasu ne. Bin iskar shekara kuwa Larabawan Oman sun daɗe suna yi, suna gangarowa Zanzibar da iskar ƙarshen shekara, su koma gida in ta juya. Kakanninmu da suka yi aikin Hajji ta ƙasa, da yawansu a irin waɗannan jiragen katako masu ƙyalle suka tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda.

Me ya sa ba sa ƙarasowa Najeriya, alhali nan ma akwai ɗumi?

Wasu kan kai Dakar, su shiga kogin Gambiya, amma yawanci daga nan suke juyawa yamma, don iskar can take kai su. Ga kuma labarin 'yan fashin teku a mashigin Gini, wanda ke sa masu inshora ɗari-ɗari da yankin. Duk da haka ana tuƙa jiragen iska a Legas, inda akwai kulob ɗinsu tun 1932, kuma ɗan Katsinan da ke son ya koya, yana iya nufar can.