Dokar Tennessee kan wasan batsa a gaban yara: me ta hana, wa take tsoratarwa?

A ranar 2 ga Maris 2023 Gwamna Bill Lee na jihar Tennessee a Amurka ya sa hannu a kan wata doka da jaridu suka laƙaba wa suna dokar hana wasan drag. Drag wasa ne da namiji kan caɓa ado irin na mata, ko mace ta yi shigar maza, a hau dandamali ana rawa da waƙa da barkwanci. Amma duk wanda ya karanta dokar ba zai ga kalmar drag a ciki ba, kuma ba ta ambaci masu sauya jinsi ba.

Abin da ta haramta shi ne nishaɗin manya a filin gwamnati, ko a duk wani wuri da wanda bai kai shekara 18 ba zai iya gani. Sai ta jero masu irin wannan nishaɗi: masu rawa ba riga, masu tuɓe kaya a gaban 'yan kallo da makamantansu, sannan ta saka masu kwaikwayon maza ko mata a cikin jerin. Wanda aka kama karon farko, laifinsa ƙarami ne, ɗauri har wata 11 da kwana 29 da tara har dala 2,500. Idan ya sake, ya zama babban laifi, ɗaurin shekara 1 zuwa 6.

Shiga kaɗai ba ta isa a kama mutum ba. Dole wasan ya zama mai cutar da yara bisa ma'anar da dokokin jihar suka daɗe da ita, kuma sharuɗɗan uku ne, sai sun haɗu duka: wasan ya karkata ga tayar da sha'awa, baligan yankin su ɗauke shi abin ƙyama ga yara, sannan ya rasa wata ƙima ta adabi, fasaha, siyasa ko kimiyya. Jack Johnson, shugaban masu rinjaye a majalisar dattawan jihar wanda ya kawo ƙudirin, da sauran 'yan Republican a nan suka kafa hujjarsu: yara muke karewa daga batsa, wanda ba ya batsa ba ruwansa da dokar.

To me ya tayar da hankalin masu sauya jinsi? Batun kwaikwayon maza ko mata. Dokar ba ta fayyace wane ne mai kwaikwayo ba. Ɗan wasan drag yana gama wasa ya wanke kwalliya ya koma gida. Wadda aka haifa namiji take rayuwa a matsayin mace kuwa, haka take kullum, a kasuwa da wurin aiki. Idan ta hau motar jerin gwano tana rawa a titi ga yara a gefe, ɗan sandan da ke tsaye ne zai fara yanke hukuncin ko kwaikwayo take yi, ko rawar ta wuce gona da iri. Mai yiwuwa kotu ta sallame ta daga baya, amma ta riga ta kwana a hannu. Ƙarin abin da ya sa suka ƙi yarda da zancen kare yara kawai shi ne, a rana guda gwamnan ya sa hannu a dokar hana ba wa yara magungunan sauya jinsi.

Fargabar ba ta banza ba ce. A Montana, inda aka yi doka mai kama da wannan, ɗakin karatu na garin Butte ya soke laccar tarihi da wata mai sauya jinsi za ta gabatar a Yunin 2023, don tsoron saɓa doka. Lacca ce fa, ba rawa ba. A Tennessee kanta, mai gabatar da ƙara na gundumar Blount ya aika wa masu shirya wani biki takardar gargaɗi a Agustan 2023, sai da alƙalin tarayya ya taka masa birki.

Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta birnin Memphis mai suna Friends of George's ce ta fara kai ƙara kan dokar. Alƙali Thomas Parker, wanda Donald Trump ya naɗa, ya dakatar da dokar ana gobe za ta fara aiki, sannan a Yunin 2023 ya ce ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, domin kalmominta ba su fito fili ba kuma ta yi faɗi da yawa. Hukuncin ya tsaya ne a gundumar Shelby kawai, inda Memphis take. A Yulin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta shida, da alƙalai 2 cikin 3, ta rushe shi. Ba ta ce dokar ta dace da tsarin mulki ba. Cewa ta yi ƙungiyar ba ta da hurumin kai ƙara, tunda ba ta nuna wasanninta sun faɗa ƙarƙashin dokar ba. Ta jingina da wani hukuncin Kotun Ƙolin jihar na 1993 da ya ce ma'aunin shi ne abin da ba shi da ƙima ga mai shekara 17 mai hankali, ba ga ɗan shekara biyar ba. A Fabrairun 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar.

Ke nan dokar tana aiki a yau, amma da fassara mai ƙunci ƙwarai. A ganina nan ne matsalar take: fassarar tana cikin hukuncin kotu, ba a cikin rubutun dokar ba, kuma mai gidan abinci ko shugaban ɗakin karatu da ke tsoron ɗauri ba hukuncin 1993 zai je ya tono ba, soke taron zai yi.