Tafiya Jamus bincike da kuɗin gidauniya: abin da malamai ke yawan tambaya

Malaman jami'a da dama na jin abokin aikinsu ya tafi Turai bincike an ɗauke masa komai, sai su ce ai sai mai uwa a gindin murhu. Ni kuwa abin da ke damuna shi ne yadda masu cancanta ke ƙin nema tun farko. Bari in ɗauki tallafin Georg Forster na gidauniyar Alexander von Humboldt da ke Bon a Jamus.

Wane irin tallafi ne?

Na masu bincike ne daga ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan. Ba karatu za ka je yi ba, aikinka za ka kai wata jami'a ko cibiyar bincike, ana ba ka alawus duk wata da kuɗin jirgi. Wanda bai wuce shekara 4 da kammala digirin digirgir ba yana iya zaman wata 6 zuwa 24. Wanda bai wuce shekara 12 ba kuma wata 6 zuwa 18, har yana iya raba zaman kashi uku.

Daga ina zan fara?

Daga mai masauki. A nan ne akasari ake faɗuwa. Gidauniyar ba ta nema maka wurin zama. Kai za ka samo malamin da zai karɓe ka, ya rubuta cewa ya amince da aikinka kuma akwai wurin da za ka yi shi. Don haka ka duba sunayen da kake yawan ambata a maƙalunka, wane ne a cikinsu yake Jamus?

Na sha ganin imel ɗin da aka aika wa mutum ashirin lokaci guda, an fara da dogon yabo, an liƙa takardar tarihin aiki mai shafi goma sha biyar, babu ko layi ɗaya kan aikin wanda aka rubuta wa. Irin wannan ba ya samun amsa. Rubuta gajere: ga maƙalarka da na karanta, ga inda ta haɗu da bincikena kan tsutsar da ke cin gero a Maraɗi, ga abin da nake so mu yi tare cikin wata goma. Idan shiru ya yi mako biyu, ka tuna masa cikin ladabi. Ka fara wannan shekara guda kafin lokacin da kake son tafiya.

Me kwamitin zaɓe na gidauniyar ke dubawa?

Maƙalun da ka wallafa a mujallu masu tantancewa, da tsarin bincikenka, da shaidar masana biyu. Dole kuma ka nuna amfanin aikin ga ci gaban yankinka. Maƙala uku masu nauyi sun fi ashirin da aka biya kuɗi aka buga ba tantancewa.

Sai na iya Jamusanci?

A yawancin fannoni Turanci ya isa, kuma gidauniyar kan biya kuɗin koyon Jamusanci.

Iyalina fa?

Akwai ƙarin alawus na miji ko mata da 'ya'ya idan sun raka ka na tsawon lokaci. Sai dai neman biza da gida kan ci lokaci.

Akwai makamantansa?

Akwai Fulbright na Amurka, wanda aka kafa a 1946, ana nema ta ofishin jakadancinsu. Kowanne ka zaɓa, ka sanar da shugaban sashenka da wuri, domin takardar izinin barin aji kan daɗe tana yawo daga ofis zuwa ofis.