Takin fotash da ingancin malo

Fotash ɗaya ne daga cikin manyan sinadarai uku na takin zamani, shi ne harafin K da ke jikin buhun NPK. Ga malo da kankana, waɗanda ake nomawa da rani a fadamar Gulbin Maraɗi da filayen ban-ruwa na Jiratawa, amfaninsa ya fi fitowa a cikin ƴaƴan. Shi ke taimaka wa shuka ta kwashe sukarin da ganye ya haɗa ta kai shi cikin ɗa. Idan ya yi ƙaranci, bakin tsofaffin ganyaye na yin ɗorawa har ya ƙone, malon kuma ya fito salam, ya yi saurin laushi a hanyar kasuwa.

Nau'i uku aka fi sani. Mai kulorid na ɗauke da fotash kusan kashi 60 cikin 100, shi ya fi araha, amma yana ƙara wa ƙasa gishiri, malo kuwa ba ya jure gishiri sosai. A garkar da ƙasa ke yin fari-fari bayan ban-ruwa, gara a kauce masa. Mai salfa na da kusan kashi 50, ya fi mai kulorid tsada, ya fi kuma sauƙi ga saiwa. Mai nitrat na da kusan kashi 46 tare da kashi 13 na naitrojin, sinadarin da ke sa ganye, irin wanda ke cikin ure.

Wannan na ukun ne ke buƙatar lura. Binciken da John Jifon da Gene Lester suka yi a kudancin Texas ta Amurka, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa fesa fotash a ganyen malo lokacin da ƴaƴa ke girma na ƙara zaƙi da ƙarfin tsoka, amma mai nitrat ya fi sauran ƙarancin tasiri. Manomi ya san haka a aikace: a zuba ure bayan malo ya ɗaura ƴaƴa, sai yaɗo ya yi ta tafiya, ganye ya yi kore shar, ɗan kuma ya cika da ruwa. Abin takaici, NPK 15-15-15 da ure su aka fi samu a kasuwa, don haka kuskuren na yawan faruwa.

Ƙasa ma na da nata. Jigawa ba ta riƙe fotash kamar laka, shi ya sa ake raba takin kashi-kashi maimakon zuba shi gaba ɗaya. Karan hatsi na ɗauke da fotash mai yawa, kwashe shi daga gona kowace kaka na rage wa ƙasa ƙarfi. Tokar murhu da takin dabbobi na mayar da wani abu, sai dai ba a gauraya toka da ure, domin sinadarin uren na tashi a iska. Fotash da ya wuce kima kuma na hana shuka shan kalsiyam da maganiziyam.