Kakin soja a jikin farar hula da 'yan mazan jiya: abin da doka ta ce da abin da ke faruwa a kan titi

Duk wanda ya saba tona dilar gwanjo ya san ba a rasa wando ko jaket mai dabbare-dabbare irin na soja a ciki. Yadin da ƙwari, aljihunan da yawa, ga araha, shi ya sa samari da 'yan acaɓa ke rububinsa, musamman da hunturu. Amma kowa ya ji labarin wani da aka tuɓe wa irinsa a shingen bincike, aka sa shi tsallen kwaɗo. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Shin da gaske laifi ne farar hula ya sa kakin soja a Najeriya?

Laifi ne, kuma a rubuce yake. Kundin dokokin laifuka na Kiriminal Kod, wanda ake aiki da shi a jihohin Kudu, ya taɓo maganar a wurare da dama. Sashe na 110 ya ce duk wanda ba ya cikin aikin soja, idan ya sa kaki, ko wani ɓangare na kakin, ko tufar da ta yi kama da shi, ko mai ɗauke da tambarin wata runduna, to ya yi laifi, sai fa idan ya nuna yana da izinin Shugaban Ƙasa ko gwamna. A lura da wannan gaɓa ta "tufar da ta yi kama da shi", domin ita ce ke kama mai wandon gwanjo wanda bai taɓa tunanin zama soja ba. Hukuncin kuwa ɗaurin wata 1 ne ko tarar naira 10.

Sashe na 109 ya fi nauyi, don ya shafi wanda ya sa kakin da nufin a ɗauka shi soja ne ko ɗan sanda. Wannan shi ne sojan gona na ainihi, kuma ɗaurin shekara 1 ke jiransa. Sai sashe na 251, na wanda ya sa kaki ta yadda zai jawo wa kakin raini: wata 3 ko naira 40.

Naira goma? Ba kuskuren rubutu ba ne?

Ba kuskure ba ne. Dokar ce ta tsufa. Kundin ya samo asali ne daga wanda Turawa suka kafa wa Arewa a 1904, aka shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya a 1916. Kalaman sashen kakin ma kusan kwafi ne na wata dokar Ingila ta 1894. Da aka koma naira a 1973, sai aka juya fam zuwa naira kawai ba tare da an ƙara tarar ba. Yau naira 10 ko ruwan leda ba za ta saya maka ba, amma kada wannan ya ruɗi kowa: alƙali na da zaɓin ɗauri, kuma wasu jihohi, irin su Legas a 2011, sun sabunta nasu kundin.

A Arewa fa, inda ba a aiki da wancan kundin?

Nan ne maganar ta ɗan bambanta. Arewa da Abuja na bin nasu kundin dokokin laifuka, wato Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Sashen da jami'an tsaro kan kafa hujja da shi a ciki shi ne na 133. Ya hana mutum sa tufa ko riƙe wata alama irin ta wani rukunin ma'aikatan gwamnati da niyyar a zaci shi ma ɗaya ne daga cikinsu. Kalmar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce niyya. Wato a gaban alƙali, bai isa a ce an ga wando mai dabbare-dabbare a jikin Malam Wane ba, sai mai gabatar da ƙara ya nuna ya sa shi ne don a ɗauke shi soja. Manomin da ya sa tsohon wandon gwanjo da silifas zai je gona, da wanda ya haɗa riga da wando da but da hular bare ya tsaya a bakin tasha yana karɓar na goro, ba ɗaya suke ba a idon wannan sashe.

Jihohi da dama sun sake fasalin nasu Final Kod ɗin, kamar Kaduna a 2017, ga kuma kundin shari'ar Musulunci da wasu suka kafa tun daga 2000. Saboda haka lambar sashe da yawan tara na iya sauyawa daga jiha zuwa jiha.

Sai dai fa a faɗi gaskiya: sojan da ke tsaye a shinge cikin rana ba zai tsaya tantance niyyarka ba. Abin da ya gani a jikinka shi zai yi aiki da shi.

To soja na da ikon dukan wanda ya gani da kaki, ko ya yaga masa tufa?

Ba shi da shi, ko kaɗan. Babu layi ɗaya a cikin sassan nan da ya ambaci mari, ko birgima a kwata, ko tuɓe mutum a bainar jama'a. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, sashe na 36 ya ce kowa marar laifi ne har sai kotu ta same shi da laifi, kuma a 2017 an yi doka ta musamman da ta mayar da azabtarwa laifi mai zaman kansa. Iyakar abin da soja zai yi shi ne ya kama mutum ya miƙa wa 'yan sanda, su kuma su kai kotu. Kotun soja ta sojoji ce, ba a kai farar hula can saboda wando.

Ita kanta rundunar ta taɓa amsa hakan a aikace. A watan Fabrairun 2017 wani bidiyo ya yaɗu daga Onica a jihar Anambra, inda aka ga 'yan sandan soja biyu sun jawo wani gurgu daga kekensa suna zabga masa bulala a tsakiyar titi, wai don ya sa kaya masu kama da na soja. Mutane suka yi ca. Rundunar ta kama su biyun, ta sauke su daga kofur zuwa farabiti, ta kuma ɗaure su kwana 21 da aiki mai tsanani. A ganina hukuncin ya yi sauƙi idan aka dubi abin da suka yi, amma ko ba komai ya tabbatar da cewa dukan ba ya cikin doka. Abin tambaya shi ne mutum nawa aka yi wa haka a inda babu mai riƙe da waya.

Me ya sa sojoji suka ɗauki abin da zafi haka?

Wani ɓangare girman kai ne na bariki, gadon shekarun mulkin soja, lokacin da mai kaki ke ganin farar hula ba a bakin komai ba. Amma akwai dalilin da ba za a iya musunsa ba, kuma mu a Arewa mun fi kowa saninsa. A watan Satumbar 2013 'yan Boko Haram sanye da kakin soja suka kafa shinge a Benishek, kan hanyar Maiduguri zuwa Damaturu. Direbobi suka riƙa tsayawa da kansu, suna zaton jami'ai ne. Fiye da mutum 140 aka kashe. Daren 14 ga Afrilun 2014, waɗanda suka shiga makarantar 'yan mata ta Chibok sun zo ne a matsayin sojoji, suka ce wa ɗaliban sun zo kare su ne, suka kwashi 276. 'Yan bindigar dajin Zamfara da Katsina ma sukan fito a bidiyo da kaki a jikinsu.

Idan mutumin ƙauye ya daina iya bambance wanda ya zo ceto da wanda ya zo kisa, aikin tsaro ya lalace tun daga tushe. Wannan ne ya sa a 2015 hedikwatar tsaro ta sanar da cewa yadin dabbare-dabbare na sojoji ne kaɗai, 'yan sanda za su sa shi ne a aikin haɗin gwiwa ko wani aiki na musamman, sauran hukumomi masu kaki kuma su janye nasu. Rundunonin sa-kai da jihohi suka kafa daga baya, kamar Askarawan Zamfara, da nasu kayan na daban aka ƙaddamar da su.

Wanda ya yi shekaru talatin yana bauta wa ƙasa, shi ma ba zai sa kakinsa ba bayan ritaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sosa rai. Kalaman dokar sun tsaya ne a kan wanda yake cikin aiki a yanzu, ba wanda ya taɓa yi ba. Ranar da aka sallami soja, muƙaminsa na binsa: za a ci gaba da kiransa Kanar ko Manjo mai ritaya, ko Samanja a unguwa har ƙarshen ransa, lambobin yabonsa kuma nasa ne. Amma kakin alama ce ta ikon gwamnati, ikon kuwa ya ajiye shi. Ba zai sa shi ya tafi karɓar bashi ba, ko sasanta rikicin fili, ko taron siyasa, ko don ya wuce layin mai.

Inda ake ganin 'yan mazan jiya cikin shiga ta soja ba tare da wata matsala ba shi ne bukukuwan da hukuma ke shiryawa, musamman ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da su, wadda ta dace da ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Ƙungiyarsu ta Nigerian Legion, wadda aka kafa a 1964, tana da nata kayan da hularta, kuma a cikinsu ne za ka ga dattawa sun jera lambobi a ƙirji suna fareti, wasu da sanda a hannu. Tsohon sojan da aka gayyata wani biki yana son ya fito da cikakken kaki, hanya mafi tsabta ita ce ya nemi izinin rundunar da ke kusa da shi tun kafin ranar.

Wanda aka kora daga aiki ko ya tsere, shi ba ya ma cikin wannan lissafi. Sau da yawa idan aka yi holon sojojin gona, za a tarar akwai korarru a ciki, don sun san yadda ake ɗaura bel da yadda ake sara wa na gaba.

Ajiyewa a gida fa? Mahaifina ya rasu ya bar kakinsa a akwati.

Sassan da aka ambata a sama suna magana ne a kan sawa, da kuma sayarwa ko bayarwa, domin sashe na 111 ya ɗora wa wanda ya sayar ko ya ba wanda bai cancanta ba irin hukuncin wanda ya sa. Amma akwai sashe na 428 da ya hana saye ko karɓar kayan da gwamnati ta raba wa sojoji daga hannun ƙananan jami'ai, tufafi ne ko lambobi, ya kuma nemi wanda aka samu da su ya yi gamsasshen bayanin yadda suka zo hannunsa. Riga ɗaya ta marigayi, a naɗe tare da hotonsa da takardar sallamarsa, bayaninta a fili yake. Kaki kala biyar da but da katin shaida a ɗakin saurayi kuwa, wannan wata magana ce. Ka ajiye takardun tare da kayan, kada ka bari ƙanne su ɗauka su yi hoton sallah da su.

Masu shigo da kaya daga waje su sani cewa kayan soja na buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma jami'an kwastam sun sha kama irinsu a tashoshin jiragen ruwa da na sama.

'Yan fim da masu barkwanci a TikTok fa?

Sashe na 110 da kansa ya ware wasan kwaikwayo da nishaɗin jama'a na gaskiya. Matsalar ita ce sashe na 251 bai yi wannan rangwamen ba, kuma wa zai yanke cewa wasa ya zama raini? A 2022 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ya ba da umarnin kama masu fim da barkwanci da ke sa kakin 'yan sanda ba izini, ya kafa hujja da wannan sashe da na 133. Lauyoyi da dama sun ce ya wuce gona da iri. Duk da haka furodusan da ya san ciwon kansa yakan rubuta takardar neman izini, ya kuma tabbatar ɗan wasa bai bar wurin ɗaukar fim da kakin a jikinsa ba.

Amma mun ga shugabannin farar hula da kaki.

An gani. Goodluck Jonathan, wanda bai taɓa aikin soja ba, ya sa shi da ya ziyarci dakaru a Mubi da Baga a farkon 2015. Muhammadu Buhari ma ya sa a Ɗansadau ta jihar Zamfara a 2016, shekaru da dama bayan barinsa soja. Tsarin mulki ne ya naɗa Shugaban Ƙasa babban kwamandan askarawa, kuma shi ne ma mai ba da izinin da dokar ke magana a kai.

Haka abin yake a wasu ƙasashe?

Ya danganta. A Amurka kowa na sa yadin dabbare-dabbare, mafarauta da 'yan gayu, har shagunan sayar da rarar kayan soja gare su. Abin da aka hana shi ne cikakken kakin runduna da alamominta ba tare da izini ba, kuma yana iya kai mutum ɗaurin wata 6. Dokarsu ta fi tamu fayyace matsayin tsofaffin sojoji: hafsa mai ritaya na iya sa kakin muƙamin da ya yi ritaya a kai, wanda aka sallama cikin mutunci kuma na iya sawa a hanyarsa ta komawa gida, cikin wata 3 da sallamar.

Gana ta fi kama da mu, tana da dokar 1967 da ta taƙaita amfani da kaki da kayan soja, kuma rundunarta kan fito lokaci-lokaci ta yi gargaɗi. Ƙasashe irin su Jamaika da Barbados sun hana farar hula sa dabbare-dabbare, har baƙi masu yawon buɗe ido. A Yuganda kuwa, a 2019 gwamnati ta sa jar hular bare cikin jerin kayan soja, daidai lokacin da ta zama alamar 'yan adawa magoya bayan Bobi Wine. Direba ko ɗan kasuwar da ke bin hanyar Accra ko Kumasi, gara ya bar irin wannan wando a gida ya sa wani.